Trujillo da 'yan gudun hijira: ƙungiyoyin agaji ne suka juya shi?

Malamin Tarihi: Salamu alaikum jama'ar Maigatari. Ni dai ina kan bakana, ƙungiyoyin agaji na iya tanƙwara mai mulkin kama-karya. A taron da aka yi a garin Evian na Faransa a 1938 ƙasashe 32 suka zauna kan Yahudawan da ke tsere wa Hitler, kusan kowa ya noƙe. Trujillo, mai mulkin kama-karya na Jamhuriyar Dominika, ne ya ce zai karɓi har mutum 100,000. Ƙungiyar JDC ta Yahudawan Amurka ta zuba kuɗi, aka fara zaunar da su a garin Sosúa na ƙasar a 1940.

Dillalin Kara: Allah gafarta Malam, ka tsallake 1937. A Oktoban shekarar sojojinsa suka karkashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka, duniya ta yi masa caa. Ruwa ba ya tsami banza. Wanke kansa yake so ya yi a idon Amurka, ga kuma kwaɗayin farar fata ta yawaita a ƙasarsa. Wanda ya yanka baƙi baƙaƙe ya yi maraba da baƙi farare, tausayi ne wannan?

Ɗalibi: Kawu ya yi gaskiya. Kuma waɗanda suka zauna a Sosúa ko 1,000 ba su kai ba.

Malamin Tarihi: Ɗana, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tare hanyar teku. Ni ban ce yana da tausayi ba. Ba don ƙungiyar ta riƙe shi da maganarsa har aka sa hannu a yarjejeniya ba, da zancen ya bi iska. Mutanen sun tsira da ransu, suka kama kiwo, suna yin man shanu da cuku.

Dattijo: Ku dawo gida, yara. A Afrilun 1984 Buhari ya rufe iyaka, ga fari ya ci amfanin gona. Mutanen Nijar har suna suka sa wa yunwar, El-Buhari. A gabanmu aka yi, hatsi bai ƙetarawa sai ta ɓarauniyar hanya. Ba a buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Babangida. Ina masu tanƙwarawar a lokacin?

Malamin Tarihi: Baba, Buhari ba ya neman komai a wurinsu, Trujillo kuwa yana nema.

Dillalin Kara: To ai ka dawo layina, Malam. Ciniki ne, ni kuwa sana'ata ce.