Waɗanda birki ya taɓa ɗauke musu a gangaren falez, ku zo ku ba mu labari

Mai Carina, Ngaundere
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda abin ya faru da su da kansu nake nema, ba an ce an ce ba. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai iyali biki Garwa, kuma wannan karon ni zan ja, da can bas nake shiga in yi barcina har mu isa. To duk wanda na faɗa wa sai ya ce ka yi hankali da falez, wato babban gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa, birki na ɗaukewa, amma ba wanda ya ce min ga yadda abin yake zuwa. Ana jin alama ne ko kawai takawa za ka yi ka ji wayam? Motar tsohuwa ce amma injinta lafiya lau, ga yara ga kayan gara a but.

Tsohon direban layin Garwa
Wa alaikumus salam ɗana. Ana jin alama mana, sai dai in mutum bai santa ba. Ka ga Ngaundere tana sama da mita 1,000 ne, Garwa kuwa tana can ƙasa bakin Binuwai ba ta kai 300 ba, kuma babban rabon saukar a wannan gangaren yake kafin ka isa Mbe, kwana bayan kwana. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama yana goga shi a hankali a hankali shi ne yake dafa shi. Farko wari za ka ji, ƙauri mai hawa kai yana shigowa ta taga. Bayan nan iri biyu ne. Wani lokaci feda tana nan da ƙarfinta, kana dannawa iya ƙarfinka amma mota tana tafiya abinta, wannan filaket ne suka ƙone, wato takalman birkin da ke matse diskin taya. Wani lokaci kuma feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa, wannan man birki ne ya tafasa. Ni na biyun ne ya same ni da cikakken lodi, na yi ta famfa feda da sauri har ta ɗan dawo, na sauko giya ɗaya bayan ɗaya, na ja birkin hannu kaɗan kaɗan yatsana na kan maɓallin dan kar ya kulle tayar baya, har Allah ya sa muka samu gefe. Kai dai tun daga sama ka sa lamba biyu ka bar inji ya riƙe, ko ya yi ta kuka ƙyale shi aikinsa ne. In gudu ya ƙaru ka taka sosai na ɗan lokaci ka saki, ba goge ba.

Hajiya mai atamfa, Marwa
Hmm wlh Baba ka tuna min. Ni ba tuƙi nake ba fasinja ce, na ɗauko kaya daga jirgin ƙasa muka shiga wata ƙaramar mota, direban yaro ne, muna fara sauka sai na ji inji ya yi shiru ashe firi ya sa wai yana tattalin zuwa-zuwa, wato fetur. Ba mu kai rabi ba motar ta cika da ƙauri, wani dattijo a gaba ya ce yaro mai da giya, yana ta kokawa da ita tana ƙara gurrr ta ƙi shiga dan gudu ya yi yawa. Salati kawai muke. Da ƙyar ta shiga uku sannan biyu. Da muka tsaya hayaƙi ke fita daga tayoyin gaba duka biyun, shi kuma yana ta cewa ai kullum haka yake sauka. Ni dai tun ranar in zan shiga mota a tasha sai na kalli direban tukuna, in na ga yana da furfura hankalina ya fi kwanciya, ku yi haƙuri samari.

Bakanike, Marwa
Hajiya wannan firin ma ba wani mai da yake ragewa a motocin yanzu masu injeksiyon, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur kwamfutar motar da kanta take yanke man. Kuma in inji ya mutu a firi taku ɗaya biyu feda ta ƙame dan sarbo, wato abin da ke ƙara wa takunka ƙarfi, da inji yake aiki, sitiyari ma ya yi nauyi.

Amma bari in yi magana kan man birki dan shi ne mutanenmu ba sa kulawa. Kowa ya san juyen baƙin mai, man birki kuwa sai dai a yi ta ƙari har a sayar da mota. Alhali shi jan danshi yake daga iska. Man birki mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. DOT 3 daga 205 zuwa 140. To ku a Ngaundere da damina ke daɗewa me kake tsammani. A cikin gari ba za ka taɓa ganewa ba birki na ci lafiya lau, sai ranar da ya ɗau zafi ruwan ya zama tururi a cikin bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi, shi ne feda ke nutsewa. Abin haushin in ya huce sai birki ya dawo daidai, mai mota ya ce ai ya warke ya ci gaba. Ni motocin da aka kawo min bayan falez yawancinsu in na zuƙo man baƙi ƙirin nake gani. Duk shekara 2 a zubar a sa sabo a fitar da iska, kuma kwalba mai hatimi, ba ragowar da ta kwana a buɗe a garaji ba.

Malamin makaranta, Gidar
Ni nawa daban ne. Na sauko a lamba biyu kamar yadda Baba ya faɗa, amma ina takawa mota na ja hagu. Na tsaya a ƙasa na kai hannu kusa da kowace taya, ukun ɗumi kawai, ta hagu ta gaba kuwa ba ta kusantuwa. Ashe abin da ke matse filaket ne ya yi tsatsa ba ya saki, tun daga gida take gogawa. Kafin in ankara wani yaro mai son taimako ya kwara mata ruwan jarka, tsuuu. Daga ranar duk na taka birki sitiyari rawa yake, diski ya lanƙwashe sai da na canja duka biyun. Dan haka malam in ka tsaya kar ka bari kowa ya zuba ruwa, kar kuma ka ja birkin hannu a kan zafi, ka sa giya ka kashe ka sa waigi ko dutse ka jira ya huce da kansa.

Karen mota
Ku duk birkinku kuke ji, ni na bayanka nake ji maka oga. Tirelolin da ke lodi a Ngaundere zuwa Cadi nan suke bi, mu namu na iska ne, in direba ya yi ta famfa iska ta ƙare ko tambur, wato gangar birkin taya, ya yi zafi shi kenan sai Allah. Na taɓa sauka da waigi a hannu ina gudu gefen mota. In ka ga tirela a madubi tana ta hon tana wasa da wuta ba gaisuwa ba ce, ba ta hanya. Kar ka shige gabanta ka rage gudu, kar kuma ka yi fakin a bayan kwana.

Ɗan Injamena
Mu nan ƙasa shimfiɗe take daga Kusiri har Waza ba gangare sai ramuka, shi ya sa mota za ta shekara da mugun birki ba a sani ba. Wadda na saya hannu ranar da ta fara ganin falez feda ta tafi ƙasa, da aka buɗe a Mbe kumfa ce ta fito, ashe wani ya taɓa cika ta da ruwan omo a daji bai faɗa ba. Duk robobin ciki da fistin sun lalace. Wanda ya sayi mota hannu ya zubar da abin da ya tarar kawai.

Mai Carina, Ngaundere
Kai jama'a na gode Allah ya saka. Yanzu na fita na buɗe bonet, man ya yi duhu kuma ya sauka kusa da layin ƙasa. In ƙara kawai ko yaya? Sannan tawa otomatik ce, ina zan samu lamba biyun?

Bakanike, Marwa
Kar ka ƙara Alhaji. In ba yoyo, saukarsa na nufin filaket sun cinye ne, a cire taya a duba, in naman ya kusa milimita 3 a canja na gaban duka hagu da dama tare, a duba robobin bututu ko sun tsage, sannan a juye man gaba ɗaya. Lambar da za ka saya tana rubuce a kan murfin, DOT 5 kuma ba a haɗa shi da 3 ko 4. Ka yi shi gobe ko jibi ba daren tafiya ba, sabon filaket yana son ka ɗan yi yawo da shi cikin gari ya zauna kan diski. Otomatik kuma duba ƙasan D za ka ga 2 da L, ka rage gudu ka ja zuwa 2 tun kana sama kafin kwanar farko, in ka ga har yanzu tana ɗibar gudu da nauyin kayan nan ka taka ta ragu sosai ka sa L.