Taurarin da muke ba gidajen abinci a Google: su wa ke rubutawa?

Mai buɗe zance, Kano: Assalamu alaikum. Akwai gidan abincin da na shekara 4 ina cin tuwon shinkafa da miyar taushe a cikinsa. Jiya na duba shi a Google Maps, sai na ga 3.6 cikin 5. Raina bai so ba, na zauna na karanta sharhin ɗaya bayan ɗaya. Wani bai samu wurin ajiye mota ba, wani POS ya ƙi karɓar katinsa, wata ta daɗe tana jira ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Duk tauraro ɗaya suka bayar, kuma ba wanda ya kushe miyar. Ni da nake ci kullum ban taɓa rubuta ko harafi ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Hajiya mai gidan abinci, Kaduna: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wanda ya ƙoshi yakan wanke hannu, ya ce Allah ya amfana, ya tafi abinsa. Wanda ransa ya ɓaci ne yake ciro waya tun yana bakin ƙofa. Lokacin da na buɗe, mutum 10 suka ba ni biyar-biyar. Da azumi wasu biyu suka zo daf da shan ruwa ba su yi oda tun da wuri ba, suka tarar da layi. Ɗaya-ɗaya suka ba ni, na sauko 4.3 a dare guda. Ban ga laifinsu ba, mai azumi a wannan lokacin ba ya jin bayani. Amma hukuncin yunwar minti 20 yana nan manne da sunana har yau, kuma baƙon da ya shigo gari shi yake gani.

Mai kai abinci a babur, Abuja: Hajiya, wani lokacin mu ne sanadi, ba kuma da gangan ba. Da damina ruwa ya tare ni a hanyar Kubwa, shinkafar ta isa da sanyi, mai oda ya sauke fushinsa a kan masu girki. Su kuwa da zafinta suka miƙo mini.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Ku ma ku ji ɗaya ɓangaren, don ba fushi kaɗai ke karkatar da taurarin ba, har da kara. An taɓa kawo mini jalof lami, naman kuma ya yi tauri. Da zan biya, yaron da ya yi mini hidima ya tsaya a kaina yana cewa, "Anti, don Allah ki ba mu biyar, oga yana dubawa." Yaro ne mai ladabi, na kasa kallon idonsa in ba shi biyu. Na danna biyar na fito. Har yanzu abin yana damuna, domin wata za ta kashe kuɗinta saboda shaidar da na bayar. Haka kuma idan ƙawa ta buɗe wuri, dangi da 'yan ajinsu duk su zuba mata biyar, wasu ko cokali ba su ɗaga ba.

Ɗalibi a Ingila: Anti, taurarin nan kuɗi ne. A 2011 Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya bincika gidajen abincin Seattle a Amurka, ya gano ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin da masu ciniki ke ba wurare taurari, yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, kuma masu zaman kansu abin ya shafa, ba manyan kamfanoni masu rassa ba. A nan Landan kuma, a 2017, Oobah Butler ya sa rumfar bayan gidansa a Dulwich a TripAdvisor, shafin sharhin matafiya, a matsayin gidan abinci, abokansa suka yi ta rubuta yabon ƙarya, har ta zama ta ɗaya a birnin alhali bai taɓa sayar da ko faranti ba. Mutane suka yi ta kira suna neman kujera don kawai sun ga wasu sun yaba.

Direban babbar mota, Maraɗi: Mu a hanya bakin direbobi muke bi. Matar da ta fi kowa iya miyar kuka a tasharmu ba ta ma cikin Google, masu cin tuwonta ba sa ɓata data a kan rubutu. Inda kuma aka sa irin wurarenmu, sai ka ga baƙon da bai saba da yauƙi ba ya rage tauraro saboda miyar kuɓewa ta yi yauƙi.

Mai buɗe zance, Kano: Na gode, jama'a. Yanzu na rubuta nawa. Huɗu na bayar, na yabi miyar taushen, na kuma faɗi gaskiya cewa ranar Juma'a da rana akwai jira. Hajiya, idan na shigo Kaduna zan zo in ci naki, in sha Allah.