Ciwon MS (multiple sclerosis): me ke sa ƙafa ta ƙi jin magana?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa dan Allah a taimaka min, ƙanwata ce likita ya ce tana da MS, ƙafarta ta dama sai ja take yi har takalmi na cirewa, jiya kofi ya suɓuce mata a hannu ta zauna tana kuka, to wai naman jikin ne ya lalace ko me?

Yayan Yara: Wa'alaikissalam, Allah ya ba ta lafiya. Ba tsoka bace, jijiya ce. Kin san wayar wuta da robar da ke rufe ta? Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suke da rufi, mayelin sunansa, to garkuwar jiki ce ke kuskure ta dinga cin rufin nan, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika ƙafa ya yi jinkiri ko ya tsaya a hanya. Shi ya sa ƙafa ke nauyi ko ta sandare, ita ma tsokar tana nan lafiya umarni ne bai iso ba.

Anti Nas: Gaskiya ne, kuma ki lura zafi na ƙara shi, wanka da ruwan zafi ko zazzaɓi sai ki ga rauni ya dawo, jiki ya huce ya lafa. Shi ciwon MS ya fi kama mata 'yan tsakanin shekara 20 zuwa 40. Kar ta daina gashin asibiti (fisiyo, ba na ruwan zafi ba) da motsa jiki dan Allah, kuma akwai magungunan da ke rage tasowarsa, ku tambayi likitan jijiya.

Maman Biyu: Wallahi na lura da zancen zafin nan! Na gode Anti, gobe za mu koma asibiti.