Ranar da aiki ya fito daga inji ba yadda aka zana shi ba

Mai Fasta: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata tara ina zanen fasta da manhajar CorelDraw, amma jiya na sha kunya. Fastar taron wa'azi ce, kwafi 2,000, duk inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati fanko. A kwamfutata lafiya lau. Ta mai injin bugawa ce ba ta da salon haruffan da na zaɓa. Wa irin wannan ta taɓa faɗa wa?

Baƙin Tawada: Ayya Malam, ai Ctrl+Q za ka riƙa dannawa kafin ka tura, rubutun ya koma zane, magana ta ƙare. Ni kala ce ta ci ni. Shuɗi na zaɓa a RGB, tsarin kalar allon kwamfuta, yana ta ƙyalli a allo, inji kuwa CMYK, tsarin kalar tawada, ya sani. Ya fito kamar shaddar da ta sha wanki. A zaɓen 2023 kuma na buga wa wani ɗan takara fasta da "11 ga Maris" ɓaro-ɓaro, sai aka ɗage zaɓen gwamnoni zuwa 18. Ga ƙarancin takardun naira lokacin. Cikon kuɗina har yau shiru.

Uwar Ado: Ku naku takarda ce, a yage a sake. Ni dandamali nake shiryawa, kuskurena kowa a zauren sai ya gani. Wani biki uwar amarya ta turo min hoto ta WhatsApp, aka faɗaɗa shi ƙafa 12 a fileks, ledar nan da ake buga talla a kai. Fuskar yarinya ta farfashe, hanci daban, ido daban. Da aka kunna fitilu kuma fileks ɗin ya dinga walƙiya, mai bidiyo sai harara yake min. Ƙarfe uku na rana muka sauke shi, muka rufe katakon da yadi ruwan zuma. Wallahi ya fi kyau, amma Hajiya ta ce hoto ta biya. Yanzu ko wa ye, asalin hoton nake karɓa daga mai ɗauka.

Baƙin Tawada: To Malam, asarar wa ya ɗauka?

Mai Fasta: Rabawa muka yi, ni takarda, shi tawada. Daren nan za a sake bugawa, taron jibi ne.