Bayolin: gogen Turawa ne ko gogen haɓa?

1/ Jama'a, a taimaka mini da kalma. Jiya da dare a Unguwar Rimi muna kallon bidiyon bikin kiɗan Proms, wanda ake yi a Landan tun 1895. Makaɗa kusan tamanin zaune, mace ɗaya tsaye a gabansu da bayolin. 'Yata ta ce, "Baba, mene ne wancan?" Na ce goge ne. Ta ce ina ƙwaryar? Na rasa ta cewa.

2/ Yarinyar ta fi ni gaskiya. Gogenmu, irin na Garba Liyo, ƙwarya ce aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Bayolin kuwa katako ne zalla, tsirkiya huɗu. Inda suka haɗu shi ne bakan da ake goga tsirkiya da shi: nasu ma izgar doki ce, kuma sai an shafa mata ƙaro kafin ta yi kuka.

3/ Yawancinku kun ce "gogen Turawa". Da shi na kwana, da safe na ga ramin da ke ciki. Gogunan nasu gida guda ne mai 'ya'ya huɗu: bayolin, sai biyola da ta ɗan fi shi girma, sai celo da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, sai ƙaton da ya kusa kai tsawon mutum. Duk na Turawa ne. Wanne ke nan muka ambata? Balle yau a Legas 'yan Nijeriya ke koyon bayolin a makarantar kiɗa ta MUSON.

4/ Wani dattijo daga Tudun Wada ya ce a bar shi "bayolin" kawai, ai rediyo ma aro ne. Allah ya ƙara girma, Baba, amma rediyo bai tarar da ɗan'uwansa a gidanmu ba. Wannan ya tarar.

5/ Ni dai na tsaya kan riƙo. Ana ɗora shi a kafaɗar hagu a danne da haɓa, don haka gogen haɓa. Biyola, babban gogen haɓa. Celo, gogen gwiwa. Ƙaton, gogen tsaye.

6/ Ita mai tsayuwar ba ta ba ni wahala ba. A kiɗan fada uban kiɗi ke bayarwa, 'yan amshi su karɓa. Haka aka yi a bidiyon, ta ja, taron ya amsa, wani lokaci duk su yi tsit su bar mata fili. Mai bayarwa ke nan.

7/ Saura mutumin nan mai jagorantar makaɗan da ƙaramar sanda a hannu, wanda ya juya wa 'yan kallo baya. 'Yata ta raɗa masa "liman". Ban yarda ba tukuna, ina sauraronku.