Na koma Linux Mint, imel na shigowa amma ya ƙi fita, a taimaka

Sakataren Manoma ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min. Ni ke riƙe da takardun ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo a ƙauyenmu nan yankin Gumel, laftof ɗin ƙungiya tsohuwar HP ce ta hannu mai ram 4 gig, da tana kan Windows 10 sai aka ce min Microsoft sun daina ba ta kariya tun 14 ga Oktoba 2025 kuma irin tawa ba ta ɗaukar Windows 11, shi ne wani yaro mai gyara a Kano ya sa min Linux Mint. Gaskiya ta yi sauri sosai ba kamar da ba. Matsalata imel ce. Ya haɗa min Gmail ɗin ƙungiya a cikin Thunderbird, wato manhajar imel ɗin da ke kanta, saƙo na shigowa lafiya lau amma da na danna aikawa sai ta yi ta juyi, can ta ce ta kasa shiga smtp.gmail.com ta nemi fasuwod, in saka daidai ta sake nema. Ga shi kaka ta yi, dillalinmu na Dawanau yana jiran jerin sunaye da yawan buhuna da hotunan rasit, kuɗin mutane ne wallahi, dattawa har gida suke biyo ni da tambaya. Yaron kuma wayarsa ba ta shiga. In koma Windows ne ko akwai gyara?

Ɗan Babura ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ni dai shawarata ka koma abin da ka sani, wannan Linux ɗin na injiniyoyi ne, in ta lalace maka a ƙauye wa zai duba maka? Kafin nan tura wa dillalin ta wayarka kar kasuwa ta wuce ku.

Injiniyan Rano ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan Babura maganar tura wa ta waya daidai ce, a yi hakan yau, amma komawa Windows ba zai warware komai ba don ba Linux ce ta hana saƙon fita ba. Da a Windows aka saka wannan saitin haka zai ƙi.

Malam Sakatare abin da ke faruwa shi ne, imel ƙofa biyu gare shi kamar gida mai zaure da ƙofar baya, kowacce da mukullinta. Saƙo yana shigowa ta IMAP, yana fita ta SMTP, kuma a Thunderbird kowanne saitinsa daban. Tunda saƙo na shigo maka, netwok ɗinka da akawun ɗinka lafiyarsu ƙalau. Na fitar ne aka saka ba daidai ba, kuma na fi zaton an bar shi a kan fasuwod na yau da kullum. Google sun rufe wannan hanyar tun 30 ga Mayu 2022 ga masu Gmail, shi ya sa ko sau nawa ka rubuta fasuwod ɗin daidai ba za su karɓa ba.

Ka buɗe Account Settings, ka gangara can ƙasan jerin da ke hagu za ka ga Outgoing Server, ka zaɓi na Gmail ɗin ka danna Edit. Sunan saba (Server Name) smtp.gmail.com, fot (Port) 465, tsaro SSL/TLS. In ka fi son 587 to tsaron ya zama STARTTLS, kar ka haɗa lambar wannan da tsaron wancan. In ka tarar da 25 a wurin goge ta, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin damfara. Wurin Authentication method ka zaɓi OAuth2, wato shiga ta tagar Google da kanta, nan ne gyaran yake, sannan sunan mai amfani ka rubuta adireshin gaba ɗaya har da @gmail.com.

Daga nan ka je Settings, Privacy & Security, Saved Passwords, ka goge layin da ya fara da smtp, ka kuma tabbata an yi wa karɓar kukis (Accept cookies) alama a wannan shafin don in babu shi tagar Google ba za ta yi aiki ba. Rufe Thunderbird ka sake buɗewa ka tura wa kanka gwaji. Taga za ta fito daga Google, a nan za ka sa fasuwod ka danna amincewa. Wayar da lambar ƙungiya ke ciki ta kasance a hannunka don suna iya turo lamba.

Malama daga Haɗeja ta rubuta:

Sannu Malam, Allah ya ba da ladan hidimar jama'a. Ƙari a kan na Injiniya, ni ma Mint nake amfani da ita wajen aikin makaranta. Ka duba kwanan wata da agogo a kusurwar allon, tsofaffin laftof ɗin nan ƙaramin batirin cikinsu yana mutuwa sai kwanan wata ya koma shekarun baya, daga nan shafuka masu tsaro su ƙi yarda da kai. Sai kuma hotunan rasit ɗin, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB a saƙo guda, kuma fayil yana ƙara nauyi wajen kashi ɗaya cikin uku idan aka maƙala shi a imel, to da sabis irin na ƙauyukanmu tun kafin a kai nan ma sai ya yanke. Hoton waya ɗaya zai iya kai 4MB. Ka rage su ko ka raba saƙon gida uku, ka tura da asuba lokacin da mutane ba su hau netwok ba.

Sakataren Manoma ya rubuta:

Alhamdu lillahi! Injiniya Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na shiga na tarar fot ɗin 587 ne amma an sa Normal password, na mai da shi OAuth2 na goge wancan layin, ina sake buɗewa tagar Google ta fito, lambar ma ta shigo wayar shugabanmu sai da na aika yaro gona ya karɓo. Gwajin ya tafi nan take. Malama maganarki ma ta fito, na hotunan ya tsaya a rabi sai da na raba shi, agogon dai daidai yake. Dillalin ya kira ya ce ya gani amma jerin sunayen ya ƙi buɗuwa a wayarsa, wai fayil ɗin ƙarshensa .ods ne.

Injiniyan Rano ya rubuta:

Amin Malam, madalla. Wannan LibreOffice ce, manhajar da ka rubuta jerin da ita, ta ajiye shi da tsarinta. Buɗe jerin ka je File, Save As, ka zaɓi .xlsx in zai yi lissafi a ciki. In karantawa kawai zai yi to Export as PDF ya fi, yana buɗuwa a kowace waya kuma ba a taɓa adadin buhunan cikin kuskure. Sannan ku zauna da shugaba ku ƙara lambarka a cikin akawun ɗin a matsayin lamba ta biyu, don ranar da ya yi tafiya Maigatari da wayar kuma Google suka nemi lamba, aiki ya tsaya.

Ɗan Babura ya rubuta:

To Injiniya tunda haka ne ni ma akwai wata Dell a shago tana kan Windows 7 har yanzu, ram ɗinta 2 gig, za ta ɗauka? Kuma firintata za ta yi aiki a kai?

Injiniyan Rano ya rubuta:

Windows 7 ai tun Janairun 2020 aka daina ba ta kariya Alhaji, kar ka shiga banki da ita. Ka sauke Mint mai Xfce ita ce mara nauyi, ka sa a filash ka kunna daga filash ɗin ba tare da ka goge komai ba, ka jona firintar ka buga shafi ɗaya ka gani. In 32 bit ce injin ɗin ka faɗa min tukuna don sabbin Mint 64 bit kawai suke ɗauka. Turo min lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta da ta firintar.