Wai me za mu kira abin nan da ake naɗa wa jijiya?

Jama'a a taimaka. Ina rubuta ɗan bayani kan farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, na zo na maƙale a kalma ɗaya, ilektirod.

Ga yadda abin yake. Akwai doguwar jijiya a wuya ana ce mata vagus, likita zai tsaga wuyan ta gefen hagu ya naɗa wa jijiyar wani siririn abu na silikon mai ƙarfen filatinam a ciki, waya ta bi ƙarƙashin fata ta gangaro ƙirji inda aka binne batir, shi kuma ya riƙa tura wa jijiyar 'yar wuta don rage farfaɗiyar, yawanci sakan 30 sai ya huta minti 5, har murya kan ɗan dushe in wutar na shiga. Wani masanin kimiyya Jacob Zabara ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirar a Amurka tun 1987, amma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ba ta amince ba sai 1997.

Toh shi wannan da ya rungume jijiyar nake nema wa suna.

Wani ya ce a bar shi ilektirod kawai. Malam, mu nan ai masu walda muka sani da kalmar, je ka ce wa Hajiya za a sa wa jikanta abin walda a wuya ka ga yadda za ta kalle ka. Wata ta ce waya. In ka ce an sa masa waya a wuya sai a tambaye ka wane layi ne a ciki.

Ni dai munduwa ta fi kwanta min, munduwar lantarki. Zagaye jijiyar take yi, kuma irin wadda mutanen jami'ar Case Western ta Amurka suka yi wa rajista a 1986 da kanta take nannaɗewa, in jijiya ta kumbura sai ta ɗan saki, ba ta shaƙe ta ba. Zobe ba ya haka, shi ya sa na ƙi zobe.

Amma fa ba duka ke naɗewa ba. Wanda ake cusawa cikin ƙwaƙwalwa saboda karkarwa, aikin da likitan tiyata Benabid ya fara a Grenoble ta Faransa a 1987, miƙaƙƙe ne siriri, wannan kam tsinken lantarki ne, ba gardama.

Saura ita kanta jijiyar, don wlh ta jini ma jijiya muke cewa, ta agara ma haka. Na sa jijiyar saƙo a rubutun tukuna, likitocin cikinmu me kuke ce wa marasa lafiya a asibiti?